Gahawar Safe da Baƙar Mota

Baƙar motar ta sake shan kwana a bayansa. Maigidan ya ƙara sauri, gumi na shiga masa ido. Tun da ya fito gudun motsa jiki take binsa tana danna masa hon, titin kuwa ba kowa.

Allah ya so shi ya sha gahawa kafin ya fito. Da kansa ya dafa ta, ya cika gari, ba sukari, ɗaci har ƙwaƙwalwa. Ita ce yau take ɗauke da ƙafafunsa.

Ya faɗa wani lungu, sai ga katanga a gabansa. Ya juyo ya miƙa wa motar wayarsa. "Ku ɗauki wayar, ku bar ni da raina."

Ƙofa ta buɗe. Matarsa ce ta fito da gwangwanin gahawa a hannu, ashe motar maƙwabcinsu ce.

"Baban yara, a nan ka ɗiba?"

Ya gyaɗa kai.

"Ai gahawa ta ƙare tun jiya. Maganin wankin cikin Baba na juye a ciki."

Nan take cikinsa ya yi ƙugi. Gida kuwa ya yi nisa.