Buhun Shinkafa Zuwa Hawa na Shida

"Tsoho, mu yi yarjejeniya," in ji matata a asibitin unguwarmu a birnin Chengdu na ƙasar Sin, ana ɗibar jininmu don gwajin ƙashi. "Mai ƙaramar lamba a sakamakon gwajin shi zai riƙa hawa bene da buhun shinkafa."

"Har yaushe?"

"Har ka mutu, raggo."

Na amince. Shekara arba'in ta hana ni taɓa buhun nan, wai ita ta tashi a gona, ni kuwa sai shayi da surutu. Bara ta faɗi da shi a matakala, ta ce in rufe bakina.

Lambarta ta ninka tawa. Ta zagaya dandalin rawar tsofaffi da takardar sakamakon, kamar jikanmu ya ci jarrabawar jami'a.

Ban yi boko ba, amma na iya zama kusa da wani likita a gidan shayi. Tun kafin yarjejeniyar ya faɗa mini: mace in ta daina al'ada, lambar nan hawa take, don ƙashinta ya fi na namiji saurin zaizayewa.

Yanzu ni ke ɗaukar buhu, tana gaba tana yi mini tsiya. Ta ci, na ci. Mai sayar da sandar dogarawa ne ya yi asara.