Cikakken Kofi a Zikrit

Da zafin Doha ya fara sauka, Hausawan unguwar Al Muntazah suka je suka kafa tantuna a gindin duwatsun Zikrit. Bayan la'asar aka hura wuta ana gasa masara, Raliya na zagayawa da butar gahawa da dabino.

Ɗalhatu ya jira har ta iso gabansa. Shi ne wanda a bara, a bakin wuta irin wannan, ya ce wa abokansa ba zai auri 'yar aikin gidan Larabawa ba, alhali tana bayan tanti tana ji.

"Raliya," ya ce ƙasa-ƙasa, "na yi kuskure. Ki ba ni izini in tura magabatana gidanku."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Sauran jama'a ɗan kaɗan ta zuba musu, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Shi kuwa ta yi ta tsiyaya masa har gahawar ta ƙona masa yatsu.

Ya yi murmushin yaƙe. "Duk wannan ni kaɗai?"

"Shekara bakwai kana tuƙa Larabawa, Malam Ɗalhatu, ba ka san ma'anar cikakken kofi ba? Shanye ka tashi."

"Haba Raliya, a gaban mutane?"

"A gabansu ka ci min mutunci."

Ta tsallake shi, ta miƙa wa na kusa da shi dabino, sannan ta waiwayo.

"A gidan aikin da ka rena aka koya min. Ka ga 'yar aiki ma ta iya sallamar baƙo."