Girar Kaka

"Ki share min wannan layin," in ji tsohon direban, yana nuna tsakanin girarsa. "Jikata da ta gan ni sai ta tsala ihu. Uwarta ta ce kullum kamar fushi nake yi."

Nas ɗin gyaran fuska ta zaunar da shi a ƙarƙashin fitila, ta ɗaga haɓarsa, ta juya fuskar dama da hagu. Ta sa shi ya yi murmushi, ya ɗaga gira, ya saki. Da ta matso kusa, sai goshin ya tattare. Da ta ja baya, sai ya warware. Ta sake matsowa, ya sake tattarewa.

Ta yi dariya, ta ture tiren allurai gefe.

"Baba, ba fushi kake ba, ƙoƙarin gani kake. Abin da ke kusa ne yake maka dishi-dishi. Likitan ido za ka gani, ba ni ba."

"Ni da nake hango ramin titi tun daga nesa?"

"To ai jikarka ba a nesa take ba."

Bayan 'yan kwanaki ya shiga ɗakin 'yarsa da tabarau a hanci. Ya karɓi jaririyar a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙura masa ido tana nazarin wannan sabon mutum, sannan ta haɗe 'yar girarta tamau.

Tsohon ya kwashe da dariya har da hawaye.

"Ku zo ku gani! Ashe gado ta yi!"