Hidimar Awon Ruwa Ta Ɓata

Wallahi ko rantsuwa aka yi muku ba za ku yarda ba, amma kwana huɗu famfon ƙauyen su Jibo ya yi bai zubo ko ɗigo ba, alhali ko ƙusa ba ta kwance a jikinsa ba.

Manhaja ce ke tayar da famfon, wadda Najwa, 'yar kawun Jibo, ta haɗa wa manoma kafin ta koma garin Managil. Sashe-sashe take: wani na rabon ruwa tsakanin gonaki, wani na kunna famfo. Jibo, da ya watsar da jami'a a shekara ta biyu, ya riga ya cika gari da cewa rabin aikin nasa ne. Don haka shi aka tasa gaba.

Magana ɗaya allon manhajar ke nanatawa: ba a samu hidimar awon ruwa ba. Sashen rabo na jiran ta, sashen famfo na jiran na rabo, kowa ya tsaya cak. Jibo ya kashe ya kunna. Ya sake girka komai. Ya bi bakin tur'a, babbar magudanar, yana neman na'urar awo. Bai ga komai ba sai sandar awo tsaye cikin ruwa da wata tabarma.

Alkama ta fara yin rawaya. Mutane suka ce aikin aljanin nan ne, wanda ya yi magana daga cikin bututu ranar Talata, har tsoho Maliki mai gadin tur'a ya tattara ya gudu garin Damazin. Nan Jibo ya danne dariya. Shi ya san aljanin: 'yar lasifika ce mai batir.

"To, injiniya," in ji Alamin shugaban manoma, "in aka kai gobe ba ruwa, noman bana ya tafi. Kira yarinyar nan."

Manoma sun kewaye Jibo, kowa da fartanya a kafaɗa. Ya kira Najwa. Alamin ya karɓe wayar ya buɗe muryar kowa ya ji. Jibo ya tambaye ta inda na'urar awon ruwan take.

"Wace na'ura kuma, ɗan'uwa?" in ji Najwa. "Babu wata na'ura. Mutum ne ke duba sandar kowace safiya ya turo lamba ta saƙon waya. Hidimar ai Baba Maliki ne, wanda ka turo mini saƙon murya kana ƙyalƙyala dariya wai ka kore shi da lasifika."