Akwatin da Ambaliya Ta Tono

Shebur ɗin maƙwabcinta ya daki ƙarfe a gindin dogonyaro.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta binne akwatin nan, lokacin da 'yan bindiga ke bi gida-gida suna neman iyalan sojoji. Kakin mijinta ne a ciki, da lambar yabon da mahaifinsa ya samo a yaƙin basasa. An kashe mijin a hanyar Damboa, ta tattara ta dawo unguwar nan, ta ce wa kowa fataucin kifi yake yi, haɗarin mota ya yi ajalinsa. Ko 'yarta haka ta sani.

Yanzu ambaliya ta zaizaye ƙasar, maƙwabta sun shigo taya ta kwasar laka.

"Bar shi, Malam, tarkace ne," ta faɗa.

Amma tsatsa ta riga ta cinye murfin. Wata tsohuwa ta sunkuya, ta zaro rigar, ta daɗe tana kallon sunan da ke ƙirjinta. Mai akwatin ta fara laluben hannun 'yarta, tana auna tazarar da ke tsakaninsu da ƙofa.

"Zo ki gani, 'yata," in ji tsohuwar, ta ja ta waje.

A kan katangar gidaje huɗu, har da na tsohuwar, kakin soja ne shanye a rana, ruwan laka na ɗiga daga hannayensu.