Roƙon Baba Dalyop

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, mu ji inda ta dosa.

Kowace Lahadi da la'asar, in Turawa sun gama tasu sujadar sun watse, sai mutanenmu su karɓi makullin ƙaramin zauren cocin da ke bayan titin Rye Lane. Ba su da yawa: 'yan Filato, 'yan kudancin Kaduna, da wasu tsiraru daga Bauchi. Mata su fito da tulun kiɗa da kacau-kacau, a yi waƙa da Hausa har a manta da sanyin unguwar Peckham ta ƙasar Turawa.

In aka zo lokacin roƙon addu'a, kowa ya san wanda zai fara miƙewa. Baba Dalyop ne, tsohon kwandastan bas, wanda ciwon suga ya cinye wa idanu.

"'Yan'uwa, roƙona bai canja ba," in ji shi. "In ji muryar ɗana Ephraim kafin Ubangiji ya kira ni."

A ce amin, ya zauna.

Wannan roƙo ya tsaya wa Jane a rai. Ita ce shugabar zumuntar mata, kuma ba ta saba a yi addu'a a naɗe hannu ba. Amma a gidan da ta tashi, ba a tsare dattijo da tambaya kan abin da ke cin ransa. Saboda haka ba ta tambaye shi komai ba. Sai ta shiga nema.

Wanda ke yawo da ita shi ne Abukari, direban tasin da ke kawo Baba coci tun bara. Musulmi ne, da carbi rataye a madubin mota. Matarsa 'yar zangon Kumasi ce, don haka kowa ya ɗauke shi ɗan Ghana. Yakan kamo hannun hagun Baba, ya raka shi har bakin zaure, ya koma mota ya jira. Mata na tsokanarsa, wai kunyar dattijo ta ɗinke masa baki, don in Baba na kusa, ko tari ba ya yi. Wani lokaci ya zo da kwanon gwate mai zafi, ya miƙa wa Jane ta ba tsohon.

"Matarka ta iya gwate sai ka ce 'yar Jos," in ji Jane.

"Koya ta yi, Mama."

Sun je unguwar Barking. Sun je Tottenham. Sun tsaya a shagunan doya da na kitso, Jane na shiga tana fita, shi yana zaune riƙe da sitiyari. Duk akwatin waya da ta gani sai ta zuba kwabbai ta kira wata lamba da aka ba ta. Babu labari.

A Barking ne wata tsohuwa mai suna Damata, wadda ta san Baba da ɗansa, ta tuna wani abu.

"Ai baram-baram suka rabu. Yaron ya bar addinin gidansu, uban kuma a lokacin zuciya gare shi. Ya ce masa muddin yana raye, kada ya ƙara jin muryarsa. Yaron nan mai biyayya ne tun yana ƙarami. Tun ranar ban sake ganinsa ba."

Jane ta dawo mota ta ba Abukari labari tana share hawaye. Sai da na baya suka yi ta danna masa hon kafin ya ja mota.

Da hunturu ya shigo, Baba ya faɗi a gidansa. Aka kwantar da shi asibiti. Likita ya ja Faston cocinsu gefe ya ce in akwai dangi, a kira su.

Jane ta tsaya a baranda tana duban motoci suna wucewa, jajayen bas ɗaya bayan ɗaya, kowace cike da fuskoki. A cikin wannan gari da ba shi da iyaka, ina za ta kama? Ta yi azumi, ta yi zirga-zirga har takalminta ya huje. Abu ɗaya tsohon nan ya roƙa, ta kuwa kasa.

Ranar Lahadi aka kawo masa sujada har gadonsa. Mata suka zagaye shi sanye da zannuwansu iri ɗaya, suna waƙa a hankali don kada a dami sauran marasa lafiya. Abukari ya tsaya bakin labule, da makullin mota a hannu.

Jane ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Na duba ko'ina. Ban same shi ba."

Tsohon ya juyo da fuska, numfashinsa na fita da ƙyar.

"'Yata, wa kika je nema?"

Ta ɗauka zafin ciwo ne ya rikita shi. Ya ce a ɗaga shi kaɗan. Jane ta kai hannu kafaɗarsa ta dama, sai ya yi ƙara. Ashe tsohuwar karaya ce a wurin tun yana Jos, wadda ba wanda ya sani a coci. Kafin ta ankara, Abukari ya zagayo ta hagu ya tallafe shi.

Baba ya lalubo hannun direban, ya ƙanƙame shi.

"Hannun nan na gane shi tun ranar farko," in ji shi. "Ni na hana ka magana, ni kuma nake roƙo a gaban jama'a kowace Lahadi, kana jina ta taga. Ephraim, yau ma ba za ka yi mini magana ba?"

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.