Fenti don Tungar Gero

Tun da aka yi dokar cewa waɗanda suka kafa ƙungiyar tallafa wa ilimi ta duniya za su ci gaba da jagorancinta ko bayan ransu, Hajiya Tasalla ce kaɗai mai numfashi a kwamitin. Sauran shidan muryoyi ne da aka adana a na'ura, kowace da kujerarta.

"Hajiya, yaya Malam?" in ji muryar shugaba.

Shekara tara ke nan da rasuwar mijinta. "Lafiya lau, ranka ya daɗe," ta ce, kamar kullum.

Sannan ta kawo kukanta. Kogi ya cinye makarantar Tungar Gero, yara ɗari biyu suna karatu a gindin tsamiya. Rumfa kawai suke roƙo kafin damina.

"Ai da hannuna na buɗe makarantar nan," in ji shugaba. "Ginin dutse ne. A aika musu fenti."

Aka kaɗa ƙuri'a. Shida suka zaɓi fenti.

Ta tattara hotunan da ta zo da su, tunda babu mai idon ganinsu, ta miƙe.

"Ki gaida Malam."

"Ranka ya daɗe, ai ya fi kusa da ku."